Tarihin ɗan fis ɗin da ke kunna danjar motarka

1/ Hutun da ya wuce na hau Golf daga Anka zuwa Gummi. Kafin Daki Takwas direbanmu ya taka birki saboda rami, motar baya ta kusa shigewa cikinmu. Aka fito ana hayaniya, ashe danjarmu ce ba ta kawowa. Mu bakwai, ɗan fis ɗaya ya kusa kai mu lahira. Ga zare 🧵

2/ Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya mutu. In wuta ta yi yawa a waya, shi zai narke ya yanke ta kafin wayar ta kama. A 1890 Thomas Edison ya yi rajistar nasa a Amurka, lokacin wutar gidaje ake tsoro, mota ba ta yaɗu ba tukuna.

3/ Da motoci suka samu batir da fitilu, fis ya biyo su. Na Amurka na kwalba ne, na Jamus kuwa ɗan tangaran ne da ƙarfe shimfiɗe a bayansa. Irin na biyun ke cikin Beetle da aka fara haɗawa a Legas a 1975, shekarar da Peugeot ta fara fitowa daga Kaduna.

4/ Waɗannan tsofaffin fis ɗin suna da sauƙin dabara. In ya ƙone a daji, direba ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ko zaren waya, tafiya ta ci gaba. Motocin sun tafi, dabarar ta zauna mana gado.

5/ A 1976 kamfanin Littelfuse ya fito da na roba mai ƙafa biyu, wanda kuka sani yau. Kalarsa ce lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ko ba ka yi boko ba, ido ya ishe ka.

6/ To direbanmu da ya buɗe akwatin ƙarƙashin sitiyari, me muka gani? Rabin fis ɗin duk naɗin waya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Waya ba ta narkewa da wuri, don haka in matsala ta zo, wayoyin motar ne za su ɗau zafi a madadinta.

7/ Yadda za ka duba: wani ya taka birki, kai ka tsaya baya. Ɗaya ce ta mutu? Ƙwai ne. Duka ne? Kashe mota, buɗe akwatin fis, ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet. Wasu motocin sun rubuta STOP a murfi. Zare shi ka ɗaga a haske, in ƙarfen ya tsinke ka sa mai lamba ɗaya.

8/ In ya sake ƙonewa, kar ka ƙara lamba. Waya ce ta goge wani wuri, je wurin mai rewaya. In fis lafiya lau, a duba makunnin da ke saman fedar birki.

9/ Mai bin hanyar Bukkuyum ya san ƙurar rani, kuma ya san yanzu ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji. 'Yan uwa direbobi, ku ajiye fis biyu ko uku a mota. Fasinja kuma, kafin a tashi daga tasha, ka leƙa danja.

Allah ya kai mu lafiya. Ku tura wa direban gidanku.