Sharhin Abokan Karatu a Bitar Rubutun Ilimi: Wa Ya Fi Ƙaruwa?

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi bincike uku da aka gudanar a Amurka kan yadda ɗalibai ke bitar rubutunsu. Ta nuna cewa mai yin sharhi kan fi wanda aka yi wa ƙaruwa, kuma kara na iya dakushe aikin idan malami bai tsara shi ba.

Gabatarwa

Sommers (1980) ta kwatanta ɗalibai 20 'yan shekarar farko a jami'o'in Boston da Oklahoma da ƙwararrun marubuta 20. Ta tarar cewa a wurin ɗalibai, bita ba ta wuce musanya kalma da share maimaici ba. Su kuwa ƙwararru sukan rushe sakin layi su sake gina hujja, suna la'akari da mai karatu. Duk malamin da ya taɓa duba kundin digiri ya san wannan ciwo: a mayar wa ɗalibi babi, ya dawo da shi an gyara waƙafi da aya, amma hujjar tana nan a karkace. Laifi tudu ne, marubuci ba ya hango nasa sai da idon wani.

Mai bayarwa da mai karɓa

Lundstrom da Baker (2009) sun raba ɗalibai 91 masu koyon Turanci a Jami'ar Brigham Young gida biyu. Rukuni ɗaya aka koya masa yin sharhi a kan rubutun wasu, ba a yi wa nasa ba. Ɗayan aka koya masa aiki da sharhi kawai. A ƙarshen zangon karatu, masu yin sharhin ne suka fi samun ci gaba, musamman waɗanda ke matakin farko, kuma a fannin tsari da faɗaɗa hujja. A ganina dalilin a fili yake: wanda aka ce ya nuna inda hujjar abokinsa ta yanke, dole ya fara sanin yadda hujja ke ɗinkuwa, sannan ya koma kan takardarsa da wannan sani.

Matsalar kara

Sai dai sharhi ba ya amfani idan mai yinsa ya ɓoye abin da ya gani. Carson da Nelson (1996) sun lura cewa ɗalibai masu magana da Sinanci sukan kauce wa sukar abokansu don kada zumunci ya ɓaci. Wannan ba baƙon abu ba ne a ajinmu. Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya cikin halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe, kuma da wuya matashi ya dubi ɗan ajinsu da ya girme shi ya ce masa babinsa bai yi ba.

Don haka kada malami ya ce "ku duba wa juna" ya yi shiru. Ya cire sunaye daga takardun, ya ba mai sharhi tambayoyi takamaimai: wace jimla ce ke ɗauke da manufar marubuci? A wane sakin layi ka ɓace? Wace magana ce ba ta da madogara? Ƙa'idojin rubutu kuwa a bar su sai zagaye na biyu.