Daga Kuɗin Citta Zuwa NELFUND

'Yan uwa ɗalibai, ni da kuɗin citta aka yi min digirin farko. A Fadan Kagoma haka muka taso: a haƙe citta, a kai kasuwa, a biya makaranta. Da cuta ta cinye gonaki a 2023, ƙanwata ta kusa barin karatu a Gidan Waya. Shi ya sa na tono tarihin bashin karatu.

Ashe tun 1972, zamanin Gowon, aka kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa suka ci, ba su biya ba, abin ya durƙushe. A 1993 aka yi dokar bankin ilimi, shi ma bai je ko'ina ba. Dokar 2023 ta zo da sharaɗin masu tsaya maka, sai ta Afrilun 2024 ta cire shi. A Mayu NELFUND ta buɗe shafinta: lambar JAMB, NIN, BVN, babu kuɗin ruwa.

Ƙanwata ta cike. Na ce mata bashi ne fa, ba kyauta ba. In muka ƙi biya kamar na 1972, ƙannenmu za su tarar da ƙofa a rufe.