Yadda B.B. King Ya Fara Kiɗan Blues

An haifi Riley B. King ranar 16 ga Satumba, 1925, a wata gonar auduga kusa da Itta Bena, jihar Mississippi ta Amurka. Iyayensa baƙaƙen fata ne masu noman kashi-mu-raba a gonar wani. Aurensu ya mutu yana ƙarami, ya tashi a hannun kakarsa a Kilmichael. A coci ya fara waƙa, kuma malamin cocin, Archie Fair, shi ya fara nuna masa yadda ake kaɗa jita.

Da ya zama saurayi sai ya kama tuƙin tarakta a Indianola. Ran Asabar yakan zauna bakin titi yana kiɗa. Nan ya lura cewa waƙar addini sa albarka take jawo masa, waƙar blues kuwa kuɗi, sai ya karkata gare ta.

A 1946 ya tafi Memphis wurin ɗan'uwan mahaifiyarsa, Bukka White, gwanin kiɗa da ke zura bututun ƙarfe a yatsa yana jan sa bisa tsirkiya har jitar ta yi kamar kuka. King ya yi ta gwadawa, hannunsa ya ƙi. Sai ya koma girgiza yatsan hagu a kan tsirkiyar, yana kuma lanƙwasa ta, don ya fitar da sauti makamancin wancan. Wannan dabara, wadda gazawa ta haifa, ita ta zama tambarinsa, makaɗa masu yawa suka kwaikwaya. Sha'awar jita mai lantarki kuma daga faifan T-Bone Walker ya samo ta.

A 1948 ya yi wasa a shirin rediyo na Sonny Boy Williamson, daga nan tashar WDIA ta Memphis ta ba shi minti goma yana waƙa yana tallar maganin Pepticon. A can aka laƙaba masa Blues Boy, aka taƙaita zuwa B.B. Faifansa na farko ya fito a 1949 a kamfanin Bullet, bai yi kasuwa ba.

A wannan zamanin ne gobara ta tashi a gidan rawa a Twist, jihar Arkansas, bayan maza biyu sun ture garwar kananzir wajen faɗa kan wata mata mai suna Lucille. King ya kutsa cikin wutar ya ɗauko jitarsa, ya raɗa mata sunan matar.

Sunansa ya game Amurka a farkon 1952, lokacin da "3 O'Clock Blues", wadda kamfanin RPM ya fitar, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard. A 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342.