Fim ɗin da ya hana Amurka barci a 1983

Ranar 20 ga Nuwamban 1983, tashar talabijin ta ABC ta nuna The Day After, fim kan yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Babu jarumi mai nasara a cikinsa, sai mutanen garin Lawrence na jihar Kansas bayan tashin bam: asibiti maƙil, magani babu. Kimanin mutum miliyan 100 suka kalle shi.

Tun kafin ranar aka raba wa makarantu takardun jagora, aka gargaɗi iyaye kada ƙananan yara su kalla su kaɗai. Shugaba Reagan ma ya rubuta cewa fim ɗin ya dagula masa rai. A 1987 shi da Gorbachev suka amince su lalata makamai masu linzami masu matsakaicin zango.

Malamai da iyaye, tarihin nan ya shafe mu, don da irin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971 ake ƙera bam ɗin. Yaranmu a Waca da Magarya suna kallon finafinan yaƙi a waya su kaɗai. Mu zauna tare da su, mu tambaye su: bayan harbin, wa ya zama maraya?