Fijo 504: Motar Da Ta Zame Mana Ma'auni

Duk bakaniken da ya manyanta a Agontinkon, in ka tambaye shi mota mai nagarta, zai wuce motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano, ya ambato maka Fijo 504.

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita, gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara siffarta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Ta zo da birkin faifai a ƙafafunta huɗu, a lokacin da yawancin motocin talakawa ba su da shi a baya. Irin wannan birki yana saurin hucewa, don haka bai cika sakin direba a gangare ba. Kowace ƙafa tana lotsawa ita kaɗai in ta faɗa rami, sandar da ke kai ƙarfin inji baya kuma an killace ta cikin bututun ƙarfe, dutse ba ya samunta.

Turawa suka ƙera, mu muka ci moriya. Daga 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma ta ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina a 1983. Doguwar samfurinta ta zama motar haya daga Kwatano zuwa Paraku har Malanbil, tafiyar sama da kilomita 700, a tsallaka kogin Kwara a shiga Gaya.

A shirina na rediyo nakan ji direbobi suna yabon mota da abu uku: tsayin ciki daga ƙasa, kamun birki, da sauƙin gyara. Wannan ma'aunin 504 ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Sai dai jama'a, gadon nan rabinsa muka ɗauka. Motar da aka yi wa kujerar mutum bakwai muka cusa mata tara ko goma, muka ɗaura buhuna a kanta. Birkin da aka auna da nauyi kaza ba zai tsayar da ninkinsa ba. Maƙera sun sauke nauyin da ke kansu tun 1968. Saura ya rage ga 'yan kamasho, direbobi, da mu fasinjoji da ke yin shiru ana lodi. Allah Ya kai kowa gida lafiya.