Suzuki Hayabusa: Babur ɗin da ya kawo ƙarshen gasar gudu

A shekarar 1999 ne kamfanin Suzuki na ƙasar Japan ya fito da wani babur mai suna Hayabusa, wanda a gwaje-gwajen da aka yi masa ya zarta gudun kilomita 300 cikin sa'a guda.

Kafin wannan lokaci babu wani babur da ake sayar wa jama'a domin hawa a kan titi da ya taɓa kai wa ga haka.

To sai dai wannan bajinta ita ce ta tayar da hankalin mahukunta a Turai, lamarin da ya sa manyan kamfanonin ƙera babura suka taka wa kansu birki.

Yau fiye da shekaru 25 ke nan, kuma har yanzu ana ƙera babur ɗin, alhali wasu daga cikin abokan gasarsa tuni suka zama tarihi.

Wane irin babur ne?

Masu ƙera manyan babura sun kasa su gida-gida. Akwai na tsere, waɗanda ba su da nauyi, amma mahayinsu kan duƙa sosai har ƙirjinsa ya kusa taɓa tanki, abin da kan gajiyar da mutum cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma na doguwar tafiya, masu faffaɗan wurin zama da akwatunan kaya, amma nauyinsu kan hana su zafin nama.

Tsakanin waɗannan biyun ne ake da rukuni na uku, wanda ya haɗa ƙarfin na tsere da kuma wani ɓangare na jin daɗin na doguwar tafiya. A nan ne da dama ke ajiye Hayabusa, ko da yake ya fi karkata ga ɓangaren gudu.

Cikakken sunansa shi ne GSX1300R Hayabusa. Kamfanin da ke yin sa na da hedkwata a birnin Hamamatsu, kuma Michio Suzuki ne ya kafa shi a shekarar 1909 a matsayin masana'antar injinan saƙa. Sai a shekarar 1952 ya fara sayar da keke mai ɗan ƙaramin inji.

Gasar gudu

Tun cikin shekarun 1980 kamfanonin Japan guda huɗu, wato Honda da Yamaha da Kawasaki da Suzuki, ke rige-rigen fitar da babur ɗin da ya fi kowanne gudu, domin duk wanda ke riƙe da wannan kambu kasuwarsa kan buɗe.

A shekarar 1990 Kawasaki ya karɓi kambun da babur ɗinsa ZZ-R1100, wanda ke wuce kilomita 280 a sa'a, ya kuma riƙe shi na tsawon kimanin shekaru 6.

A shekarar 1996 Honda ya ƙwace shi da CBR1100XX, wanda ya laƙaba wa suna Super Blackbird, bisa sunan jirgin saman leƙen asirin nan na Amurka, SR-71 Blackbird. Wannan babur ya kusa kai wa kilomita 290 a sa'a.

A Turance dai Blackbird sunan wani baƙin tsuntsu ne. Shi kuwa Hayabusa, a harshen Japan, sunan wani nau'in shaho ne da ke farautar ƙananan tsuntsaye a sararin sama, kuma idan ya kawo sura yakan zarta kilomita 300 a sa'a.

Saboda haka masu bibiyar harkar suka ɗauki sunan a matsayin habaici ga kamfanin Honda. Ana rubuta sunan da harafin Japananci ɓaro-ɓaro a gefen babur ɗin.

Mujallun babura da suka gwada shi a wancan lokaci sun auna gudunsa tsakanin kilomita 303 zuwa 312 a sa'a. Mujallar Cycle World ta Amurka ce ta sami adadi mafi girma.

Yarjejeniyar da ba a rubuta ba

Wannan gudu ya haifar da fargabar cewa ƙasashen Turai za su kafa doka mai tsauri, ko ma su haramta shigar da irin waɗannan babura baki ɗaya.

Ba banza ba kamfanonin suka tsorata. Tun tsakiyar shekarun 1980 Faransa ta kafa dokar da ta hana hawa babur ɗin da ƙarfinsa ya wuce na doki 100 a kan titunanta, kuma ba a janye ta ba sai a shekarar 2016.

Don gudun kada wasu ƙasashen su bi sahu, sai manyan kamfanonin suka fahimci juna a kan cewa baburansu ba za su riƙa wuce kilomita 300 a sa'a ba. Ba a yi wani taro a bainar jama'a ba, ba a kuma fitar da wata takarda ba.

Daga samfurin shekarar 2001, an sanya wa Hayabusa wata na'ura da ke rage wa injin ƙarfi da zarar ya kai kilomita 299 a sa'a.

Babur ɗin ZX-12R da Kawasaki ya fitar a shekarar 2000 da nufin mayar da martani ya zo ne a daidai lokacin da ake rufe wannan babi, don haka bai ture Hayabusa ba.

Wannan ne ya sa samfurin 1999 da na 2000, waɗanda ba a ɗaure su ba, ke da daraja ta musamman a wurin masu tara babura.

Inji da sura

Injin Hayabusa na farko yana da silinda 4 a jere, girman cikinsa cc 1,299 ne, kuma ruwa ne ke sanyaya shi kamar na mota. Ƙarfinsa ya kai na doki kimanin 175.

Idan aka kwatanta, yawancin baburan da ake haya da su a garuruwan Afirka ta Yamma silinda ɗaya gare su, girman injinsu kuma tsakanin cc 100 ne zuwa 150.

Ba shi da kafireto. Kwamfuta ce ke auna man da ake fesa wa kowace silinda. Yana da giya 6, kuma sarƙa ce ke juya tayar baya.

A gefen fitilar gaba akwai kafofi biyu da ke zuƙar iska. Gwargwadon yadda babur ke gudu, gwargwadon yadda iskar ke cusuwa cikin injin, ta ƙara masa ƙarfi.

Sai dai babban abin da ke hana kowane abin hawa gudu shi ne iskar da ke gabansa. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska kan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata domin keta ta kuma ya ninka sau takwas.

Wannan ne dalilin da ya sa aka yi wa babur ɗin dunƙulalliyar sura, mai sunkuyayyen hanci da tozo a baya. An tsara ta ne a ɗakin gwajin iska, kuma Koji Yoshiura ne ya zana ta.

Da farko mutane da dama sun kushe surar, suna cewa ba ta da kyan gani. Daga baya ita ce ta zama tambarin da ake gane shi da shi tun daga nesa.

Sauye-sauyen da aka yi

A samfurin 2001 an sauya ƙarfen da ke riƙe wurin zama daga alminiyom zuwa baƙin ƙarfe, bayan samun rahotannin tsagewa a wasu baburan da aka ɗora wa goyo da kaya masu nauyi.

A shekarar 2008 aka fito da zubi na biyu. An faɗaɗa injin zuwa cc 1,340, ƙarfinsa ya haura zuwa na doki kimanin 197. Haka kuma an sa wani maɓalli mai mataki uku da ke bai wa mahayi damar rage zafin injin, alal misali idan ana ruwan sama.

A shekarar 2013 aka ƙara masa birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa ta ja a ƙasa idan an taka birki da ƙarfi.

A ƙarshen shekarar 2018 an daina sayar da shi a Turai saboda ya gaza cika ƙa'idojin hayaƙi da ake kira Euro 4, ko da yake an ci gaba da sayar da shi a Amurka. A lokacin da dama sun ɗauka cewa kwanansa ya ƙare.

Amma a watan Fabrairun 2021 Suzuki ya gabatar da zubi na uku. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙarfinsa ya ragu zuwa na doki 190, maimakon ya ƙaru.

Kamfanin ya mayar da hankali ne ga ƙarfin da injin ke bayarwa a matsakaicin gudu, inda mahayi ya fi amfani da shi, da kuma na'urorin kariya.

Daga ciki akwai na'urar da ke auna yadda babur ya karkata a kwana, da wadda ke hana tayar baya sulɓewa, da wadda ke hana tayar gaba ɗagawa sama, da kuma wadda ke riƙe gudu a mataki ɗaya ba tare da mahayi ya murɗa totur ba.

An fara sayar da shi a kan dala 18,599 a Amurka, da kuma fam 16,499 a Birtaniya.

Yaya yake a doguwar tafiya?

A nan ne za a fahimci dalilin daɗewarsa a kasuwa. Tun da aka ƙayyade gudu, an yi baburan tsere masu injin cc 1,000 da suka fi shi ƙarfi kuma suka fi shi rashin nauyi. Duk da haka bai rasa masu saye ba.

Girman injinsa na sa ya ja da ƙarfi ko da a giya ta sama ne, ta yadda mahayi zai iya wuce babbar mota ba tare da ya sauya giya ba. A gudun da doka ta amince da shi kuwa, injin ba ya ko jin jiki, abin da ya taimaka wajen sunan da ya yi na ƙarko.

Tazarar da ke tsakanin tayoyinsa ta kai milimita 1,480, wadda ta fi ta baburan tsere. Wannan tsayi na sa ya zauna daram a miƙaƙƙiyar hanya. Tsayin wurin zamansa milimita 800 ne, don haka ƙafar mai matsakaicin tsayi na taka ƙasa.

To amma yana da nasa naƙasun. Nauyin zubi na uku kilo 264 ne idan an cika tanki, don haka juya shi a lungu ko a cikin cunkoso aiki ne ja, kuma zafin injin na damun mahayi idan ana tafiyar hawainiya.

Tankinsa na ɗaukar lita 20, kuma bisa alƙaluman kamfanin yana shan lita 6.7 a kowace kilomita 100. Ke nan da wuya ya wuce kilomita 300 bai nemi gidan mai ba.

Gilashin gabansa gajere ne, mahayi kuma kan ɗan ranƙwafa, lamarin da kan sa wuyan hannu da gwiwa su gaji bayan 'yan sa'o'i. Ba ya zuwa da akwatunan kaya, sarƙarsa na buƙatar mai da gyara a kai a kai, tayar baya kuma ba ta daɗewa a hannun mai zafin totur.

Wanda ya fi damuwa da ɗaukar goyo da kaya, zai fi samun biyan buƙata a babura irin su Yamaha FJR1300, wanda ya fito a shekarar 2001, mai akwatuna a gefe da kuma sandar ƙarfe a maimakon sarƙa.

Bugu da ƙari, cikinsa na kusa da ƙasa, kuma an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Hanya mai ramuka da gargada ba tasa ba ce.

Farin jini

Suzuki ya ce ya sayar da kusan 190,000 na zubin farko da na biyu a duniya.

A Amurka ya samu karɓuwa a wurin masu tseren gajeren zango, waɗanda kan ƙara wa bayansa tsawo, su kuma ƙara wa injin ƙarfi. Ana ma ɗora injinsa a kan ƙananan motocin tsere.

A Indiya kuwa, fim ɗin Dhoom na shekarar 2004, inda jarumi John Abraham ya hau shi, ya sa sunansa ya shiga bakin matasa. A shekarar 2016 kamfanin ya fara harhaɗa shi a ƙasar.

Haɗarin da ke tattare da shi

Mai gudun kilomita 300 a sa'a yana cin mita 83 a kowace daƙiƙa. Wato zai ratsa tsawon filin ƙwallon ƙafa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai.

Haka kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya kan ninka sau huɗu. Na'urorin zamani na rage kuskuren mahayi, amma ba sa sauya wannan lissafi.

Ko ƙwararru ma ba su tsira ba. A watan Yulin 2011 wani Ba'amurke mai suna Bill Warner ya yi gudun sama da kilomita 500 a sa'a da wani Hayabusa da aka sauya wa fasali, a wani tsohon sansanin sojin sama da ke jihar Maine.

Bayan shekaru biyu, a watan Yulin 2013, ya rasa ransa a wannan filin, sa'ad da babur ɗinsa ya ƙwace masa yana ƙoƙarin kafa wani sabon tarihin.

A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗuran kan hanya a duk shekara, kuma ta sanya gudun wuce sa'a da rashin sa hular kwano cikin manyan dalilai.

A ƙasashen Tarayyar Turai, ba a bai wa sabon mahayi lasisin hawa babur mai irin wannan ƙarfi kai tsaye sai ya kai shekaru 24, ko kuma ya shafe aƙalla shekaru 2 yana hawa matsakaicin babur.

Ko a Jamus, inda wasu sassan manyan hanyoyi ba su da iyakar gudu, hukumomi na ba da shawarar kada a wuce kilomita 130 a sa'a. Wannan bai kai rabin abin da Hayabusa zai iya yi ba.