Wa ya ce Turawa ne suka ƙirƙiro halwar Kirista?

Wani ya rubuta cewa keɓewa don ganawa da Allah a cikin Kiristanci al'adar Turai ce. Haba malam! A hamadar Masar abin ya kafu, a nan Afirka.

Dubi Antoniyos: ɗan ƙauyen Koma ne a Masar, an haife shi wajen shekara ta 251. Iyayensa suka rasu yana saurayi, suka bar masa gonaki masu albarka. Wata rana a majami'a ya ji ana karanta inda Yesu ya umarci wani attajirin saurayi ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta. Sai ya ɗauka da shi ake. Ya rabar da gonakin, ya danƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya koma zama a maƙabarta.

Daga baya ya ƙetare Kogin Nilu, ya shiga wani kangon sansanin soja a Pispir, ya toshe ƙofa. Kusan shekara 20! Gurasa sau biyu a shekara ake kai masa. Babu gona, babu dangi, babu mai kiran sunansa balle ya yabe shi. Duk abin da mutum ke tinƙaho da shi ya ajiye, saura shi da Mahaliccinsa. Da aka ɓalle ƙofar wajen shekara ta 305, jama'a sun zaci za su ga ƙwarangwal ko tababbe. Atanasiyos, bishop ɗin Iskandariya wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce mutumin ya fito bai rame ba, bai yi teɓa ba, hankalinsa kwance. Har Sarkin Rum Kustantin ya aiko masa wasiƙa daga baya, bai ko zumuɗi ba. Ya nuna wa almajiransa cewa sarki mutum ne, abin mamaki shi ne Allah ya yi wa ɗan Adam magana. Mutumin da ko Girkanci ba ya ji, sai da tafinta!

Na san masu kafa hujja da rubutun Jerom za su ce wani Bulus na Tibis ya riga shi shiga halwa. To, shi ma ai Bamisire ne, me ya canza?

Antoniyos ya rasu a 356. Kafin nan Pakomiyos ya riga ya tara masu zuhudu gida guda a Tabennisi ta Masar, Kasiyan ya kai tsarin zuwa Marsai ta Faransa wajen 415, sannan Benedik ya zo da ƙa'idojinsa a Italiya a ƙarni na 6.